Digiri na biyu ko takardar ƙwarewa: wanne zan fara?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Shekara huɗu ke nan ina kula da sito a wani kamfanin rarraba kayan masarufi a Kano. Ina da babbar difloma ta HND. Na ga tallar wata jami'a a Ingila mai digiri na biyu kan harkar sayo kaya da safararsu, sun ce ƙungiyar CIPS ta amince da kwas ɗin. Mahaifina ya ce zai sayar da gona ya biya. Me ka gani? — Mai karatu daga Fagge

Amsa: Wa'alaikumus salam ɗana. Ka roƙi Baba ya dakata da maganar gonar nan tukuna.

CIPS ƙungiyar ƙwararrun masu sayo kaya ce ta Birtaniya, an kafa ta a 1932. Abin da manyan kamfanoni da ƙungiyoyin agaji suke dubawa a takardunka shi ne haruffan MCIPS, wato cikakken ɗan ƙungiya. Hanya biyu ake kai wa gare su. Ko ka zauna jarrabawarsu mataki na 4, na 5 da na 6, kana nan Kano kana bakin aikinka, ko ka yi digirin da suka amince da shi. Ko wacce ka bi, sai ka nuna shekara uku ta aiki a fannin. Naka shekaru huɗun a sito ba ƙaramin jari ba ne, muddin kana da hannu wajen odar kaya da ciniki da dillalai, ba ƙirgar katan kaɗai ba.

Maganar amincewar nan kuwa, kada ka tsaya ga tallar jami'a. Shiga shafin CIPS ka nemo sunan kwas ɗin kansa, ka ga har yaushe amincewar take. Na taɓa zama a kwamitin ɗaukar ma'aikata, wani yaro ya zo da digirin waje yana zaton ya zama ɗan ƙungiya, ashe wani kwas ne dabam a jami'ar aka amince da shi. Har yau abin yana ci mini rai, don iyayensa sun sha wuya.

In aikin gwamnati kake hange, lissafin ya canza. A gwamnatin tarayya dokar sayen kayan gwamnati ta 2007 ce ke aiki, kuma ƙungiyarmu ta ƙwararrun masu sayo kaya ta nan Najeriya, CIPSMN, ita ma a shekarar doka ta kafa ta. Jami'ar Ahmadu Bello Zariya da ta Abubakar Tafawa Ɓalewa Bauchi suna cikin cibiyoyi shida da Bankin Duniya ya tallafa wa don koyar da wannan fanni. Mai HND kan fara da diflomar PGD, wato ta share fagen shiga, kafin digiri na biyu. In kuma tireloli da tashoshin kaya irin na Dala ne suka fi jan hankalinka, leƙa NITT, cibiyar koyar da fasahar sufuri ta ƙasa da ke Zariya, ka kuma tambayi CILT, ƙungiyar ƙwararrun harkar sufuri da safarar kaya.

Da ɗana ne kai, cewa zan yi ka yi rajistar mataki na 4 bana, ka tuntuɓi maigidanka ko kamfani zai ɗauki rabin kuɗin jarrabawar. Sake rubuto mini bayan takardar farko.