Amsa ga Malamar da ta yi tambaya kan daidaiton alwatika biyu

Malama, na ga tambayarki: ɗalibanki na SS1 sun haddace SSS (gefe uku daidai) da SAS (gefe biyu da kusurwar da ke tsakaninsu daidai) tamkar karatun allo, amma da an karkata musu zane sai su ce ai wannan alwatika daban ce. Ni ma na sha wannan a ajina nan Katsina. Na daɗe ina fama da alli kafin na gane maganin yana shagon tela.

Ki sa kowa ya zo da kwalin sabulu da almakashi. Su yanka alwatika biyu a kan awo ɗaya, sannan ki ce su ɗora ɗaya bisa ɗaya. Abu uku kawai aka yarda su yi: su zame ta a kan tebur, su juya ta, ko su kife ta. Ba miƙewa, ba lanƙwasa. In ta hau ta rufe 'yar'uwarta ruf, daidai suke.

Zamewa da juyawa ba sa wahalar da kowa. Kifewa ce ke kayar da yara. Nan nake kawo tela: in zai yanka hannun riga, ninka yadin yake yi biyu ya yanka lokaci ɗaya. Da ya buɗe, ɗaya na dama ɗaya na hagu. Ko ki wuni kina juya su a tebur ba za su hau juna ba sai kin kife ɗaya, amma awonsu bai bambanta ko da zare ba.

Daga nan SAS ta daina zama hadda. Ki ɗauki alwatika ABC da DEF, inda AB daidai yake da DE, AC daidai da DF, kusurwar A kuma daidai da ta D. Ki zame A ta hau D, ki juya har AB ya kwanta kan DE. Tunda tsawonsu ɗaya, B ta faɗa kan E. In C ta leƙa ɗaya ɓangaren, ki kife. Kusurwar ɗaya ce, gefen ma ɗaya, to C ba ta da wurin zuwa sai F. Haka ma Yuklid, masanin lissafin Girkawa, ya kafa hujjarsa a Iskandariya, wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa.

Amma kada ki bar su sai sun ga inda abin ke ƙi, wato in kusurwar ba tsakanin gefen biyu take ba. Su zana kusurwa mai digiri 30, su auna santimita 10 a layi ɗaya, daga ƙarshensa su buɗe kamfas santimita 6 su yanka ɗaya layin. Kamfas zai yanka wuri biyu: ɗaya gefen ƙasa ya kusa 12, ɗaya kuwa 5 da 'yan kai. Awo iri ɗaya, alwatika biyu, kuma duk kifewar duniya ba za ta haɗa su ba. Ranar da na fara yin wannan, wani yaro cewa ya yi kamfas ɗinsa ne ya lalace, har sai da ya ari na maƙwabcinsa ya sake.

Ki kuma matsa musu kan jerin haruffa. In A ce ta hau D, ABC da DEF za su rubuta, ba EDF ba. A WAEC irin wannan sakacin kan ci maki.