Me ya sa ake tseren babur a kan titin jama'a a Tsibirin Man?

Tambaya: Na ga bidiyon wasu masu babur suna sharara gudu ta tsakanin gidaje da katangun dutse, an ce a Tsibirin Man ne. Me ya hana su yi a filin tsere kamar na MotoGP?

Amsa: Malam, gasar TT (Tourist Trophy) ka gani, kuma ta girmi gasar duniya da ake kira MotoGP yanzu da shekara 42. Doka ce ta kai ta can. A farkon ƙarni na 20 Birtaniya ta hana tsere a kan titi, ta kuma ƙayyade gudu kada ya wuce mil 20 a awa. Shi kuwa wannan tsibiri da ke tsakanin Ingila da Ireland yana da majalisar kansa, Tynwald, sai ta yarda a riƙa rufe hanyoyi don tsere. A 1907 aka fara na babura, Charlie Collier ya ci rukuni ɗaya a kan babur ƙirar Matchless, Rem Fowler ya ci ɗayan a kan Norton. Daga 1911 aka koma hanyar dutsen Snaefell, mai tsawon kilomita 60 da ɗoriya, da kwanoni fiye da 200. Ba a sakin mahaya gaba ɗaya. Daƙiƙa 10 ake bari tsakaninsu, kowa da agogo yake fafatawa.

Da aka kafa gasar duniya a 1949, TT na cikinta. Honda ma, da sunanta ya cika titunanmu, a nan ta fara gwada sa'arta a Turai a 1959.

Mutuwa ce ta raba TT da gasar duniya. A filin tsere, wanda ya faɗi yakan zame kan tsakuwa ya tashi. A nan katanga ce ko turken wuta ke jiransa. A 1972 ɗan Italiya Gilberto Parlotti ya mutu a kan dutsen cikin ruwan sama, abokinsa, zakaran duniya Giacomo Agostini, ya ce shi da TT har abada, manyan mahaya suka bi sahunsa. Bayan 1976 aka cire ta daga gasar duniya, aka mayar da zagayen Birtaniya filin tsere na Silverstone. A ganina Agostini na da gaskiya: bai kamata a tilasta wa mai neman kambun duniya ya bi wannan hanya ba. Zuwa yau sama da mutum 250 sun rasa ransu a kanta.

Tun daga nan sai mai so ke zuwa. Mike Hailwood ya dawo a 1978 bayan shekara 11 rabonsa da ita, ya ci a kan Ducati. Amma gidan Dunlop na Arewacin Ireland ne ya fi ɗaukar hankali. Joey Dunlop ya ci a TT sau 26, ya mutu a wani tsere a Estoniya a 2000. Ƙanensa Robert ya mutu a 2008 yana atisayen North West 200, wani tseren titi a Arewacin Ireland. Bayan kwana biyu ɗansa Michael ya hau babur ya lashe tseren da uban ya yi niyyar shiga. Wan Michael, William, shi ma a kan titi ya mutu a 2018. Michael bai sauka ba, a 2024 ya wuce yawan nasarorin baffansa Joey.