Wilin 700C a tsohon keken tsere mai inci 27

Malam, ka ce tsohon Raleigh ɗinka na ƙarfe wilinsa inci 27 ne, shagon da kake sayen taya ya rufe, ko wilin 700C, girman da kekunan tsere na zamani ke amfani da shi, zai hau? Zai hau, amma sai ka canza wilin gaba ɗaya. Tayar 700C ba ta zama a rim ɗin 27, domin faɗin da'irar rim ɗinka milimita 630 ne, na 700C kuwa 622.

Abin dubawa shi ne birki. Bakin sabon rim zai sauka da milimita 4, don haka sassauta robar birkin ka ga ko tana da sauran wurin yin ƙasa. In babu, nemi birki mai dogon hannu. Kar ka bari robar tana gogar taya, za ta cinye gefenta har ta fashe kana cikin gudu.