Yadda ake nuna son uwa ga ɗanta a ƙagaggen labari

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ina rubuta labarin wata uwa da aka raba da ɗanta na fari. Kusan kowane babi na sa ta kuka tana cewa "wayyo ɗana, ina ƙaunarka", amma waɗanda suka karanta sun ce bai taɓa musu zuciya ba. Ina kuskuren yake? Daga wata mai karatu a Gusau.

AMSA: Wa'alaikumus salam, 'yar'uwa. Kuskuren farko yana bakin uwar. Bahaushiya tana kunyar ɗan fari: ba ta kama sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban jama'a, sau da yawa ma bayan yaye kaka ko goggo ce ke riƙonsa. Da zarar kin sa ta furta so a fili, mai karatu zai ji ba irin uwar da ya sani ba ce.

Ki koma ga Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda aka rubuta don gasar da Hukumar Fassara ta shirya a Zariya a 1933. An haifi Umar a Kagara, mahaifinsa ya rasu, uwar ta auri Makau, mahassada suka sa sarki ya kori Makau daga gari. Tana wata tafiya aka sace yaron, ya faɗa bauta, har ya shiga hannun Balarabe Abdulkarim, wanda ya riƙe shi kamar ɗa ya tafi da shi Masar. To, me uwar ta yi? Ta bar gida da miji ta bi sawu. A hanya aka yaudare ta, aka tsallaka da ita Sahara, aka sayar da ita baiwa, ga ta kuwa 'ya ce. Sai bayan shekaru suka haɗu, ta tsufa, wahala ta cinye ta, ba da jimawa ba ta cika. Abin da ta rasa shi ke sa mutum hawaye, marubucin bai tsawaita maganarta ba.

Uba ma haka ne. A Magana Jari Ce na Abubakar Imam, Sarki Abdurrahman ya fita yaƙi ya hana ɗansa Musa binsa. Wannan hanin shi ne son.

Ga gyaran. Ki ɗauki biro ki ƙirga wuraren kukan, ki bar biyu kacal, ɗaya ranar rabuwa, ɗaya can kusa da ƙarshe. Kuka idan ya yawaita sai ido ya saba da shi ya riƙa tsallakewa. Kowane gurbin da kika share ki cike shi da aiki mai tsada gare ta: ta sayar da akuyar da take kiwo don kuɗin mota, ta jure gorin kishiya, ta tashi sulusin dare tana masa addu'a ba wanda ya sani. Ki sa asarar ta riƙa hauhawa, ƙarama kafin babba, domin idan kin fara da mafi girma babu abin da zai rage wa sauran babi.

Sannan ki ba ta abu ɗaya na yaron, misali zanen goyonsa, ki fito da shi sau uku ba tare da bayani ba. Ranar haɗuwa kuma kada ta rungume shi da ihu. Ta kau da kai, ta tambayi ƙanwarta ko "yaron nan" ya ci abinci.