Turbo ko taya: wanne zan fara saya?

Tambaya: Ina zaune a Dallas ta Amurka. Ina da Ford Mustang mai giyar hannu, ina kai ta filin tseren motoci na Texas Motorplex da ke Ennis. Da koriyar fitila ta kama na saki kuloci, sai tayoyin baya su yi ta juyi wuri guda, hayaƙi na tashi, abokin karawata ya yi gaba. Na ɗan tara kuɗi. In sa mata turbo ne, na'urar da ke ƙara wa inji ƙarfi?

Amsa: Ɗan'uwa, ajiye maganar turbo tukuna. Ƙarfin da injinka ke da shi yanzu ma bai gama sauka a ƙasa ba, in ka ƙara masa hayaƙin ne kawai zai ƙaru. Ɗauko 'yar takardar da ake miƙa maka bayan kowane gudu, ka duba lokacin da ka yi a ƙafa 60 na farko, wajen mita 18 ke nan. Tseren duka ƙafa 1,320 ne, rubu'in mil, amma a wannan ɗan taƙin ake cin mutum. Masu harkar sun san wanda ya rage daƙiƙa 0.1 a nan, yakan samu fiye da haka a ƙarshen fili.

Don haka kuɗinka na taya ne. Iri biyu za ka tarar. Akwai mai taurin gefe, kamar Nitto NT555RII, wadda ta fi jituwa da giyar otomatik. Tana da kyau, sai dai in ta fara sulɓi da wuya ta sake kama ƙasa. Akwai kuma mai laushin gefe, irin sulɓaɓɓun tayoyin tsere na Hoosier da Mickey Thompson. Tsaya kusa da layin tashi ka kalle ta: gefenta yamutsewa yake yi kamar kanannaɗen tsumma, ya shanye dukan kulocin kafin ya wurga motar gaba. Da motarka tawa ce, ita zan ɗauka, in riƙa ɗaura ta a filin kawai, don ba tayar titi ba ce.

Ka sani fa, ranar da taya ta kama, aksul da farfela ne za su ɗauki wahalar. Shi ya sa dokar NHRA, ƙungiyar da ke kula da irin wannan tsere a Amurka, ta ce motar da ke kan sulɓaɓɓiyar taya, mai gama tseren cikin daƙiƙa 13.99 ko ƙasa, sai an kewaye farfelarta da zoben ƙarfe, direba kuma ya sa hular kwano. Ware kuɗinsu tun yanzu, ina roƙonka.

Sayi gejin iska mai kyau. Fara da iskar da kamfanin tayar ya faɗa, ka riƙa ragewa kaɗan-kaɗan kana rubutawa. Kada ka canza iskar taya da yadda kake ba da totur a gudu ɗaya, in ba haka ba ba za ka san wanne ya yi aiki ba.

Tambaya: An ba ni shawarar sa shokazoba 90/10 a gaba, amma da motar nake zuwa aiki kullum.

Amsa: Kada ka sa, Malam. An ƙera ta ne don gaban mota ya ɗaga da sauri ya sauka a hankali, nauyi ya koma kan tayoyin baya. A fili madalla, amma a titi motar za ta yi ta lilo wajen kwana da taka birki. Ƙara kuɗi ka sayi wadda ake saitawa da hannu: ka sassauta ta in ka isa fili, ka ɗaure ta kafin ka kama hanyar gida.