Canza adireshin IP na PLC daga nesa

Malam, ka ce PLC ɗin famfon ruwanku, wato ƙaramar kwamfutar da ke sarrafa famfon, yana can bayan gari, kana son canza masa adireshin IP, lambar da ake samunsa da ita a kan layin sadarwa, daga ofis. Don Allah ka bi a hankali. Kana ajiye sabon saitin layinka zai yanke, in ka kuskure lamba ɗaya sai dai ka hau mota. Ya taɓa faruwa da ni, gateway na manta, wato hanyar da PLC ke bi ya yi magana da waje.

Ka kashe DHCP, tsarin da ke raba wa na'urori adireshi da kansa, ka ba shi tsayayyen adireshi da babu wata na'ura a kansa, misali 192.168.1.10, mask (lambar da ke nuna iyakar layin wurin) 255.255.255.0, gateway kuwa adireshin rautar wurin, na'urar da ke haɗa wurin da intanet. In da Modbus TCP PLC ɗin ke magana (wani tsarin sadarwar na'urorin masana'antu ne), ƙofarsa, wato port, 502 ce, kada ka buɗe ta ga intanet, ka shiga ta VPN, wato keɓaɓɓiyar hanya mai tsaro a cikin intanet. Ranar aikin, ka sa wani ya tsaya gaban akwatin PLC ɗin da kwamfuta da waya.