Tambaya da Amsa: Daga Gurbin Hatsi Zuwa Jinin Mai Ciki

Wasiƙu huɗu muka ɗauko a wannan fitowa, duk daga sassan jihar Maradi. Ma'aikatan lafiya da masana ƙasar noma ne suka zauna tare suka amsa su, domin sinadarin da ake nema a jinin mutum daga gona yake tasowa.

Wata mai ciki daga Tibiri: Assalamu alaikum. Cikina wata biyar. A wurin awo an ce jinina ya yi ƙasa, aka ba ni jajayen ƙwayoyi. In na sha sai zuciyata ta riƙa tashi, bayan gida kuma ya yi baƙi. Surukata ta ce in bar su, in koma shan zoɓo da cin kwaɗon zogale. Wanne zan bi?

Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya sauke ki lafiya. Kada ki bar ƙwayoyin nan. Baƙin da kika gani ragowar sinadarin ƙarfe ne da hanji bai tsotse ba, ba cuta ba ce. Tashin zuciyar kuma yakan lafa in kika mayar da shan ƙwayar bayan tuwon dare, gab da kwanciya.

Abin da aka auna miki shi ne himogulobin, jan sinadarin da ke ɗaukar iska daga huhu zuwa sassan jiki, kuma da ƙarfe ake gina shi. In ya gaza giram 11 a ma'aunin asibiti, mai ciki tana da ƙarancin jini. In ya gaza 7, abin ya yi tsanani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsayar da miligiram 30 zuwa 60 na ƙarfe da maikirogiram 400 na folik asid kowace rana ga duk mai ciki. Wadda jininta ya riga ya faɗi, irinki, ana iya kai mata miligiram 120 har ya dawo, sannan ta koma kan adadin farko, ta kuma ci gaba makonni 6 zuwa 12 bayan haihuwa.

Da ruwa za ki sha, ko da ɗan lemun tsami, domin bitamin C yana taimaka wa hanji tsotsar ƙarfe. Shayi, kofi da nono suna tare shi, don haka ki bar tazarar awa 2 tsakaninsu da ƙwayar. Wadda ta haɗiye ta da fura da nono ta yi asarar wani kaso nata. Ki kuma ɓoye kwalin inda hannun yaro ba ya kai: ƙwayoyin suna kama da alewa, kuma yawansu na iya kashe ƙaramin yaro.

Ki yi wa Inna bayani cikin ladabi, domin alheri take nufi. Jan zoɓo launin fure ne, bai haɗa komai da jan jini ba. Zogale abinci ne mai kyau, ki ci, amma ɗan kaɗan ne daga ƙarfen ganye ke shiga jiki, ba kamar na nama da kifi ba. Haka hatsi yake. Ƙwayar hatsi tana ajiye wa tsironta fosforas a cikin wani sinadari mai suna fitet, shi kuwa fitet yana ɗaure ƙarfe da zinki a cikin hanji su fita ba a amfana ba. Jiƙa hatsi, barinsa ya ɗan tsira, ko barin ƙullu ya kwana ya yi tsami, duk suna karya wani ɓangare na fitet. Kokon da ya yi tsami ya fi wanda aka dama nan take ta wannan fuska.

Akwai kuma zazzaɓin cizon sauro, wanda ke fasa jajayen ƙwayoyin jini. Wani bincike da aka wallafa a 2006 daga tsibirin Pemba na Tanzaniya, kan yara fiye da 24,000, sai da aka dakatar da ba da ƙarfe a cikinsa, saboda yaran da ke sha sun fi sauran kwanciya asibiti. Daga nan aka fahimci cewa a ƙasar sauro, ƙarin ƙarfe da kariyar zazzaɓi tare suke tafiya. Ki kwana cikin gidan sauro, ki karɓi maganin kariyar zazzaɓi SP, wanda aka fi sani da Fansidar, a wurin awo: daga mako na 13, wata ɗaya tsakani, aƙalla sau 3. Kada ki sayi folik asid mai miligiram 5 wurin masu tallar magani ki ƙara, yana rage ƙarfin SP. In kika ji haki kina zaune, ko jiri mai kayarwa, ko kika ga jini, ki tafi asibiti a ranar.

Wani manomi daga Gidan Rumji: Gonata jigawa ce. Hatsi na fitowa ya tsaya gajere, ganyen ƙasa ya yi shuɗi-shuɗi da ja, daga baya ƙuduji ya rufe shi. Ba ni da ƙarfin sayen buhunan takin zamani da yawa. Mene ne dabara?

Malam, gonarka fosforas take roƙo, ɗaya daga cikin sinadaran da tsiro ke ci daga ƙasa. Wannan launi a tsohon ganye tare da tsumburewa alamarsa ce. Da naitirojin ne ya gaza, da rawaya za ka gani tana tasowa daga bakin ganye. Binciken da aka daɗe ana yi a tashar cibiyar binciken noma ta duniya ICRISAT da ke Sadore, kusa da Yamai, tare da cibiyar binciken noma ta Nijar INRAN, ya nuna cewa a rairayin Nijar fosforas ne kan fara tsayar da hatsi. Ba ya yawo a ƙasa kamar uriya, inda aka ajiye shi nan yake zama. Wanda ya watsa buhu ɗaya a faɗin hekta ya ciyar da tsakanin gurabe, inda saiwar ƙaramin tsiro ba ta kai ba tukuna.

Saboda haka aka fito da zuba taki a gurbi. Giram 2 na takin DAP, wato tsunkule da yatsu uku, ko giram 6 na takin NPK 15-15-15, kimanin cikin marfin kwalbar lemo. Biyun sun zo ɗaya, domin DAP yana da kashi 46 cikin ɗari na fosfat, NPK kuwa 15. In kana shuka mita ɗaya tsakani, gurbi 10,000 ke cikin hekta: kilo 20 na DAP ko kilo 60 na NPK ya ishe ka. Gwaje-gwajen ICRISAT a Nijar, Mali da Burkina Faso sun ba da ƙarin amfani daga kashi 44 zuwa 120 cikin ɗari a hatsi da dawa.

Ga inda ake ɓata aikin. Taki gishiri ne; in ya manne da iri a ƙasa mai ƙarancin laima, sai ya janye ruwan tsiron ya ƙone shi. Ka jira ruwan shuka na sosai. Mai sungumi ya sara, na biye ya zuba taki a gefen rami ya tura ƙasa kaɗan a kai, na uku ya jefa iri ya rufe. In binne ka yi kafin ruwa, ko hannu ya yi kaɗan ranar shuka, ka bari sai hatsi ya fito, ka huda rami kamar faɗin yatsu uku daga gindinsa ka sa. Uriya ba ta shiga rami ɗaya da iri. Lokacinta bayan ka rage tsiro ya koma uku a gurbi, ƙasa da danshi, kuma a binne ta. Wadda aka bari a sarari cikin rana iska take bi.

Ƙuduji da yunwar ƙasa ƴan gida ɗaya ne. Masu bincike sun gano cewa saiwar hatsi da dawa, in fosforas ya gaza, tana ƙara fitar da wani sinadari don kiran wasu ƙananan halittun ƙasa masu taya ta nemo shi. Irin ƙuduji da ke kwance yana jin wannan kira, sai ya tsira ya kama saiwar. Hatsin da ya ƙoshi ba ya yawan kiran. Duk da haka ka tuge ƙuduji kafin ya zubar da iri, domin tushe ɗaya na ba da dubun dubatan ƙwayoyi masu iya jira fiye da shekara 10.

Abu ɗaya muke so ka riƙe da gaske: tsunkulen taki yana ƙara amfani, amfani mai yawa kuma ya fi kwashe abincin ƙasa. In ka kwashe kara duka ba ka mayar da takin dabbobi ba, gonar za ta ƙara ramewa. Ka bar wani kason kara, ka ƙyale ƴaƴan gawo su tashi, ka riƙa juyawa da wake. Don ka san ko wake na yi maka aiki, tuge tushe ɗaya lokacin da ya fara fure, ka tsaga ƙulluttan da ke jikin saiwa. In cikinsu ja ne, suna kamo naitirojin daga iska. Fari ko kore ba sa aiki. Jan nan ɗan'uwan himogulobin ɗin jini ne, shi ma da ƙarfe aka gina shi.

Wani malamin makaranta daga Tasawa: Na ji ana maganar hatsi mai ƙara jini. Gaskiya ne, ko takin da aka sa masa ne?

Gaskiya ne, Malam, kuma daga iri ne. Sunansa Chakti, an fitar da shi a Nijar a 2018. Yana da kimanin miligiram 65 na ƙarfe a kilo, inda irin da aka saba shukawa ke da wajen 47, kuma yana nuna da wuri. A Indiya an ciyar da ɗalibai 246 hatsi na tsawon wata 6, aka wallafa sakamakon a 2015: waɗanda suka ci mai yawan ƙarfe sun fi saurin fita daga ƙarancinsa. Iska ce ke yi wa hatsi barbara, don haka in an shuka shi gefen wani iri yana gaurayewa, sai a riƙa sabunta irin bayan ƴan shekaru. Surfe mai tsanani ma na tafiya da wani kaso na ƙarfen cikin dusa. Abinci ne na kariya, bai maye gurbin ƙwayoyin mai ciki ba.

Wata uwa daga Madarumfa: Ɗana mai wata tara ya yi gudawa. An ba ni ruwan gishiri da sukari na leda da ƙwayar zinki ta kwana 10. Gudawar ta tsaya a kwana na uku. In daina?

A'a, Hajiya, ki cika kwanakin. Zinki yana gyara fatar cikin hanji, kuma cika shi na rage dawowar gudawa cikin wata 2 zuwa 3 masu zuwa. Ƙa'idar da aka fitar a 2004 ita ce miligiram 20 a rana ga mai wata 6 zuwa sama, miligiram 10 ga wanda bai kai ba. Ki narkar da ƙwayar a cokali da ruwan nononki ko ruwa mai tsabta. In tana sa shi amai, ki gaya wa ma'aikaciyar jinya. Binciken 2020 a Indiya da Tanzaniya kan yara 4,500 ya nuna miligiram 5 ko 10 suna aiki daidai da 20, da ƙarancin amai.

In gudawa ta sake zuwa, ki haɗa ruwan gishiri da sukarin: leda ɗaya a lita ɗaya cif ta ruwa, a zubar da abin da ya wuce awa 24. Bayan kowane zawo ki ba shi mililita 50 zuwa 100, cokali-cokali, kina ci gaba da ba shi mama.

Ki duba katinsa ko ya samu ɗigon rigakafin rota, ƙwayar cutar da ke sa jarirai gudawa. A nan Madarumfa ne cibiyar bincike ta Epicentre da ƙungiyar Likitoci Marasa Iyaka suka gwada rigakafin Rotasiil, mai jure zafi, kan jarirai fiye da 3,500, ana ɗiga musu a makonni 6, 10 da 14. Sakamakon 2017 ya nuna ya rage gudawar rota mai tsanani da kusan kashi 67 cikin ɗari. In kika ga jini a kashinsa, ko idanu sun faɗa, ko ya ƙi kama mama, kada ki jira gari ya waye.